Sanda Mai Kaurin Yatsa

Baba,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da Inna da ƙannena. Yaya idon naka? Ina fata ka daina walda ba tabarau, don na san halinka.

Ka ce in yi maka bayanin aikina yadda za ka gane. Idan narkakken ƙarfe ya huce, ƙwayoyinsa kan jeru sahu-sahu. Mu kuma so muke mu sanyaya shi da sauri har su rasa lokacin jeruwa, su daskare a hargitse kamar na gilashi. Irin wannan ya fi ƙarfen da ka sani ƙarfi nesa ba kusa ba. Matsalar, siriri kamar allura kawai yake yi mini. Da na ƙara kauri, cikinsa ba ya hucewa da wuri, sai ya lalace.

Oga, shugaban ɗakin bincikenmu, ya ba ni zuwa ƙarshen wata: ko in fitar da sanda mai kaurin yatsa, ko ya miƙa tanderuna ga wasu. Shekara biyu ina gaban tanderun nan, ba inda za ni. Na ma gano ɓarawon. Oksijin ne kaɗan ke maƙalewa cikin ƙarfen, a jikinsa ƙwayoyin ke fara jeruwa. Akwai wani ƙarfe, yitiriyam, da ke kame shi. Rabi cikin ɗari zan zuba, abin da bai kai gishirin miya ba.

Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Injiniya

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyar kowa. A gaida Inna, a ce na gode da rigar.

Dabarata ta ci, sanda ta kai kaurin fensir. Sai kaina ya kumbura. Dogo, abokin aikina mai kula da sikeli, ya ce tunda kaɗan ya yi haka, da yawa zai fi. Ba zan ɗora masa laifi ba, ni na ce ya ninka sau takwas. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Yitiriyam ɗin ya gama kame oksijin, ragowarsa ya shiga jera nasa ƙwayoyin. Sanda shida muka zuba, duk suka fito dishi-dishi, suna karyewa a hannu. Na ji kunya ƙwarai, har na yi kuka a bayan tanderu inda ba mai gani.

Ƙarfen da ya rage na narkawa ɗaya ne. Oga ya ce in koma rabi cikin ɗari in nuna fensir ɗin, ƙila a tausaya mini. Ni ba tausayi nake nema ba. Na kwana uku ina auna oksijin ɗin da ke cikin ragowar ƙarfen, na lissafa abin da zai kame shi ba rara. Ɗaya cikin ɗari ne cif. Da na faɗa wa Oga, sai ya ce, "In ta karye, ki kawo mini makullin ɗakin tanderu da kanki."

Na ce na yarda. Wannan karon ba zato nake yi ba.

'Yarka,
Injiniya

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Jiya muka zuba. Da kaina na auna, Dogo yana tsaye ya harɗe hannuwa a baya kamar mai laifi. Na buɗe mazubin tagulla, sanda ta fito tana ƙyalli, ta ma ɗara babban yatsana. Na'ura ta leƙa cikinta daga farko har ƙarshe, ba ta ga jeri ko ɗaya ba.

Oga ya juya ta a hannu ya fi sau goma. Can ya fita, ya cire takardar da aka riga aka liƙa a ƙofar ɗakin tanderuna mai sunayen waɗanda za su gaje ni, ya dunƙule ta ya sa a aljihu. Makullin yana jakata.

Na yanko maka guntun sandar, yana cikin ambulan ɗin nan. Ka buga shi, ka nuna wa abokanka a shago. Amma don Allah kada ka kusantar da shi da wutar walda don gwaji. Da ya ji zafi ƙwayoyinsa za su jeru, ya koma ƙarfe kamar kowane, ni kuwa ba ni da wani da zan aiko maka.

'Yarka mai ƙaunarka,
Injiniya