Na Je Cocin da Ka Cike wa Dokin Ƙofa

Zuwa ga mahaifina, Malam Issufu magini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. 'Yarka Hadiza ce, daga birnin Greensboro a nan ƙasar waje.

Baba, bara na je na ga cocin nan na ƙauyen Faransa, wanda ka yi leburanci wajen gyaransa kana saurayi, ka ishe mu da labarinsa har muka haddace.

Ashe ba ka yi ƙari ba. Kaurin bangon ya fi tsawon hannuna, tagogin 'yan sirara, cikinsa sanyi kamar randa. Saman ƙofar zagayayye ne irin na sorayen Damagaram, amma can ciki rufin ya yi tsini, don jikokin jikokin waɗanda suka fara ginin ne suka ƙarasa shi da salon zamaninsu. A kan ginshiƙai an sassaƙa ganyaye da wasu dabbobi da ban gane kansu ba.

Na daɗe tsaye a dokin ƙofar. Ka ce ka ga dutsen ya lotsa a tsakiya, tsofaffi na tuntuɓe, sai ka kwaɓa siminti ana hutun rana ka cike shi sumul, ka koma gefe kana jiran yabo. Shugaban aikin ya zo ya ɗora hannu a ka. Ashe ƙafafun mutanen ƙauyen ne suka cinye dutsen cikin ɗaruruwan shekaru, kuma da wannan kwarmin suke taƙama. Kwana biyu ka yi kana kankare simintinka. Har ka koma ga Allah ba ka yarda ka yi laifi ba. "Masu rai ake yi wa gini," haka kake cewa, ka ja tsaki.

To Baba, zauren da ka gina mana da hannunka ya tsage, azara ta ruɓe, kuma ta nan 'ya'yan ƙanena Sani ke shiga da fita. Yana so ya rushe ya yi na bulo kafin damina. Kowa ya yarda, ni kaɗai na kafe, har wata uku. Ni da ke nan ina tuƙi a titin Gate City Boulevard, ni ce mai son a bar mini zaure in riƙa kallo a waya.

A wannan zauren kake zama bayan la'asar, ka jingina har bangon ya yi santsi daidai kafaɗarka. Ina kewarka ƙwarai, kuma shi kaɗai ya rage mini.

Jiya na kira Sani na ce ya rushe. Na ajiye wayar, na kifa kai a sitiyari na yi kuka har na gaji. Na san da kana nan, da kai za ka fara ɗaukar diga.

Allah Ya gafarta maka, Ya gina maka gidan da ba ya tsagewa.

'Yarka mai taurin kai irin naka,
Hadiza