Kada Ki Ƙone Su, Ramla

Zuwa ga ƙanwata Ramla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Abdussalam da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu nan ƙasar waje, a garin Largo, lafiya lau, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa. Afnan ɗina ta shiga aji shida, har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take amsa mini.

'Yar'uwarmu Habibatu ta ce kin daina rubutu, har kina shirin ƙone littattafanki. Laifina ne, na sani. Da na karanta labarin nan da ake saki babi-babi, na matar da aka kulle a ɗakin ajiya, na ga rijiya mai murfin ƙofar mota da gwaiba a gefenta, sai zumuɗi ya kwashe ni, na rubuta a zauren WhatsApp na dangi cewa wannan ai rijiyar gidanmu ce. Ko kaɗan ban kawo cewa ke ce kika shekara uku a bayan sunan aro ba. Daga nan dangi suka gano ke ce marubuciyar. Na tona ki, Kawu Dabo ya ce kin zubar da mutuncin gida, ni kuma kunya ta hana ni kiranki. Ki yafe mini.

Muna da ƙungiyar karatu a laburaren Greenbelt da ke kusa da mu duk Asabar. Watan nan littafin wata Baturiyar Ingila ta zamanin da muka karanta, mai labaran guba da auren sirri. Jagorarmu ta ce malaman zamaninta sun yi ta sukarta, wai tana ɓata tarbiyyar mata, amma da mujallar da ke buga labarin kashi-kashi ta fito sai a yi wawasonta, masu sukar ma suna karantawa a ɓoye. Ga yara cike da gida, ba ta ajiye alƙalami ba har tsufanta. Ana bayani, ni kuwa ke kawai nake gani, har na yi ƙwalla.

Ga wata kuma. Ranar Lahadi Kawu ya kira ni, ya yi faɗansa ya gaji, sannan ya yi gyaran murya ya tambaya ko na san matar nan za ta fito daga ɗakin, tunda an tsaya a babi na sha tara. Ya ce kada in gaya miki. To, kin dai san bakina.

Ki gaida Inna da Habibatu da yaranki su Khalil. Ki gaida Kawu, amma kada ki nuna kin sani. Ki dai fito da matar nan, tsoho yana jira.

Taki har kullum,
Yaya Hannatu