Rufin da Na Ɗora wa Gidan da Ba Namu Ba

Pasir Mas, Kelantan

Zuwa ga babbar yayata, Kak Long Normah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya sauƙaƙa miki aikin asibiti a can Dammam. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa, kin ga kuwa ta warke. Da hannu na rubuta, da ajamin nan nawa da kike cewa kamar kaji sun yi tono, don in na kira ki a waya za ki ce wata tsokanar ce, irin ranar da na ce akuyar Inna ta haifi biyar. Wallahi wannan karon ba wasa.

Kin san gidan da muka saya a gwanjon banki da gumin shekara shidanki, takarda ta ce shi ne na uku a jerin kangaye takwas ɗin da kamfani ya gudu ya bari, babu lamba, babu ƙofa. To mu nan kowa daga masallaci yake fara ƙirge. Haka na ƙirga, na kai Pak Dollah kafinta, muka ɗora kwano da duk abin da ya rage. Daga nan na yi sati biyu ina jinyar Inna, ban leƙa ba. Ran Talata na koma da ma'aikacin banki, sai ya dube ni ya ce ai su daga bakin titi suke ƙirgawa. Na yi dariya, na ɗauka ya ji labarin tsokanata ne yana son rama wa mutanen gari. Shi bai yi ba. Namu yana can gaba, wanda ayaba ta tsiro a tsakiyar falonsa.

Wanda na rufa na Mak Cik Sepiah ne, tsohuwar nan mai sayar da shuɗiyar shinkafa a bakin kasuwa, mijinta ya biya kafin ya rasu. Ta ga rufi kwatsam, ta ɗauka wani bawan Allah ne ya yi mata sadaka a ɓoye. Ta kwaso jikokinta uku daga rumfar bakin kogi da ruwa ke ci duk shekara, ta rataya buhuna a tagogi, ta tare.

Pak Dollah ya ce in kwanon bai koma kan namu ba kafin ruwan Nuwamba, bangon baya ba zai kai baɗi ba, shekara tara yana shan ruwa. Jiya da safe muka je da tsani. Na yi mata bayani. Ta saurara, ta ce da ma ta yi mamaki, ita da ko allura ba ta taɓa tsinta ba. Ta ce in cire abina, amma ja'iri in bari ta sauke tukunya tukuna. Sai ta fara naɗe katifa. Pak Dollah yana sama da guduma, yana ce mini Ustaz sarkin surutu yau bakin ya mutu ne, in yi magana rana tana yi. Na ce ya sauko.

Kak Long, kwanon naki ne, ba ni da ikon kyauta da shi, kuma kuskuren nawa ne ni kaɗai. In kin ce a cire, ran Asabar za a cire, ba zan sake tsayar da kafinta ba. In kin ce a bari, zan ɗaura tamfol a kan namu, mu ga abin da Allah zai yi da bangon. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma ban gaya wa Inna ba.

Ki gaida maigidanki Abang Rosli da yaranku Syazwani da Hakimi. Inna da kawunmu Pak Su Daud suna gaishe ku. Don Allah ki amsa kafin Asabar. Tsohuwar ta ƙi shimfiɗa katifarta, a tabarma suke kwana, ta ce sai ta ji daga bakin mai rufi.

Ni ne ƙaninki da ya jawo,
Zulkifli