Kwanon Inna

Baban Nasara,

Na tafi lambu, ban tashe ka ba. Gardamar jiya ta ishe ni. Kai da ƙanenka kun ce a bar korona ta bi kowa kamar ƙyanda, in ta zagaye gari ta wuce. Ku kuna da ƙarfi. Inna fa, da asmarta?

Na ware mata kwano, ta ƙi taɓa tuwon. Wai ita ba mayya ba ce da za ta ci ita kaɗai. Na lallashe ta har na gaji.

Ɗumame na kan murhu. Ɗauki naka kwanon, ka zauna bakin ƙofarta daga waje, inda za ta gan ka. Uwarka ce. In ka ci, za ta ci.

Dorkas