Na Musanya Takardun Kwalaben 'Yar Aminina

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a sakaya sunana, don in aka gane ni, daga Dutsin-Ma har Kurfi babu majalisar da zan ƙara zama. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a sashen kemistiri, shekara ashirin da ɗoriya, kowa ya san ni da barkwanci da cika baki. Akwai 'yar aminina na Kurfi da ke mastas a wurinmu, Baba take ce mini, ranar da ubanta ya kawo ta cewa ya yi ga amana nan. Aikinta a kan amino asid ne, sinadaran da ke gina furotin a jiki. Wanda take aiki da shi iri biyu ne, na hagu da na dama, kamar tafin hannu, komai ɗaya amma wannan ba ya zama a mazaunin wancan. Sai ta haɗa wani abu mai kama da roba, folima, ya daskare da sinadarin a ciki, ta wanke sinadarin ya bar gurbinsa, kamar sawun ƙafa a laka. Wanda aka yi da na hagu, na hagu zai riƙa kamawa. Wata shida tana fama, ta samu kwalba biyu na farin garin folimar, ɗaya na hagu ɗaya na dama, ko ita da ta haɗa su sai da takardar suna take bambanta su.

Ni kuwa na daɗe ina gaya wa ɗalibai da ido nake gane na hagu, wai ya fi haske, ko daga can garin Karofi aka ɗago mini kwalba zan faɗa. Wasa ne, amma na maimaita har ni ma na fara yarda.

Wata Alhamis ta sa kwalaben a oben su bushe, ta tafi aji, ta ce in cire mata su da ƙarfe biyu. Sai da na fito da su na jujjuya na lura zafi ya ɗaye takardun, suna kwance a ƙasan oben. Babu kowa a ɗakin, babu wanda zan burge, amma maimakon in kira ta sai na ɗaga kwalba wajen taga, na kanne ido ɗaya, na manna takardun yadda raina ya ba ni.

Sakamako ya fito a juye, garin da ke da takardar na hagu sinadarin dama yake kamawa. Dokta, malamin da ke duba aikinta, ya ce ko dai sakaci ta yi ko ƙirƙirar lambobi, ba zai sa hannu ba, ta sake daga farko, alhali 'yan ajinsu wata mai zuwa za su kare aikinsu. Ta same ni idonta jajur ta ce, "Baba, ranar nan ba abin da ya samu kwalaben?" Na yi dariya na ce a shekara ashirin ko ƙuda bai taɓa sauka kan kayan ɗalibi ina wurin ba. Ta ce, "Na sani Baba, shi ya sa na ce wa Dokta laifina ne." Ranar Juma'a ubanta ya aiko mini da wake, wai godiyar kula da ita. Har yau na kasa cewa a dafa.

Abin da ke cina, in na buɗe baki sunayen kawai za a mayar, a yi ɗan gwaji a tabbatar, aikinta ya tsaya daram. Amma sai na amsa cewa na taɓa kayan bincike, na ɓoye, na kuma yi wa yarinyar ƙarya ido da ido, ga ritaya saura shekara uku, ga aminin da tun firamare muke tare.

Jama'a, ita zan fara gaya wa, ko Dokta, ko in hau mota in je Kurfi wurin ubanta? Kuma da wane baki mutumin da bai taɓa magana ba dariya ba zai fara? Ku taimaka da wuri, ran Litinin ta ce za ta zubar da garin ta wanke kwalaben.