Randar da Ke Cikin Ruwan Bayan Gidanmu

Ni ce Bang Ok-nyeo, uwarku. Man-seok da Gyeong-ja, hankalina ɗaya nake rubuta wannan. Jibi za a kwantar da ni a asibiti, kuma na ga fuskar likita. Ba na tsammanin dawowa.

Na ɗaya. Randar giyar shinkafa tana cikin idon ruwan da ke bayan gidanmu, ruwa ya kai mata wuya. Ta gama tashi, yanzu sanyi take sha domin lakar ta kwanta. Ta babanku ce, ta ranar cikarsa shekara da rasuwa, saura kwana goma sha huɗu. Kada a taɓa ta kafin kwana goma sha biyu. Ko ta yi kamar ta yi garau, ƙarya take yi.

Na biyu. Ranar ɗura, a nutsa dogon kwandon gora a tsakiyarta a hankali. Mutum ɗaya ya riƙe kwandon kada ya motsa, ɗaya ya riƙa ɗibar tatacciyar da ta taru a cikinsa da ludayi yana zubawa a kwalba. Mutum ɗaya ba ya iyawa. Shekara arba'in babanku ne mai riƙewa, yana cewa, "Tsohuwa, a hankali, ba miya kike kwasa ba." Bana na gwada ni kaɗai da ruwan banza, na zauna na yi kuka.

Na uku, shi ne mai nauyin. Gyeong-ja, ranar sadakar kwana arba'in da tara, da yayanki ya zuba wa babanku giya a gaban hotonsa ta fito fara kamar ruwan wankin shinkafa, kin ce masa a gaban dangi, "Ko mataccen ma ba ka bari ya sha mai kyau ba, ɗan birni." Tun ranar ba ku sake magana ba. To laifina ne. Ni na fitar da randar wancan karon daga ruwa tana kwana uku kacal, don na kasa jure zuwa wurin da babanku ya saba tsugunawa. Man-seok ya sani, ya yi shiru ya ɗauki laifin. Ni kuma kunya ta rufe mini baki har yau. Ki nemi gafararsa, ni ma ina neman taku.

Na huɗu. Gida da gonar barkono na Man-seok ne. Na san zai sayar, ban hana ba. Randuna shida da kwandon na Gyeong-ja, ko da yake ban ga inda za ta ajiye su a gidanta na hawa na goma sha biyu ba. Farar da ta rage a gindin randa a ba Gwaggo Mal-sun ta maƙwabta, ita ta fi son mai kauri.

Na san ku. Kowa zai jira ɗan'uwansa ya fara kira, har ranar ta wuce. Ban sa rai sosai ba. Amma ku biyu kaɗai kuka rage, kada ku saki juna. Albarkata tana kanku da jikokina, kun zo ko ba ku zo ba.

Idan ɗaya kaɗai ya zo, kada ya gwada. Ya kifar da randar a rafi, ya ajiye wa babanku ruwan sanyi a kofinsa. Babanku ya sha gurɓatacciya sau ɗaya a hannuna, kada ya sha ta biyu a naku.