Tsaya wa Isufu

Daren Talata, watan Rajab

Da safe: kai gero niƙa.

Bayan La'asar Mai'unguwa ya tara mu kan awakin da aka sace. Alhaji Sule ya ce, "'Yan Nijar ne! Kowa ya kori baƙonsa mu huta." Malam Idi tela ya yi dariya, ya ce, "Haba Alhaji, ba su suka nome maka gona ba? Yaranmu ka ce sun yi tsada." Aka kaure da musu, wasu na ɗora wa gwamnati laifi, wasu kuma na ɗora wa masu kuɗi.

Mai'unguwa ya yanke cewa duk baƙon da mai masaukinsa bai tsaya masa ba zai bar unguwa ranar Juma'a. Ya dube ni saboda Isufu, ɗan ga-ruwa daga Nijar, da ke kwana a zaurena. Na ce zan yi shawara. Ban taɓa kama shi da komai ba, amma in aka sake sata ni za a nuna.

Na dawo na tarar ya cika randunanmu. Ya ji labari, bai tambaye ni ba.

Gobe:
Facin tayar babur.
Dusar tumaki.
Gidan Mai'unguwa da sassafe in tsaya wa Isufu, kafin zuciyata ta sake shawara.